Gwajin Antibodi da Cututtukan da ke Ɓoye a Cikin Irin Waken Fis

Waken fis, wato koren waken nan mai zagaye da ake zubawa a soyayyar shinkafa da haɗin salak, yana cikin tsofaffin amfanin gona da ɗan Adam ya fara shukawa. An soma nomansa a yankin Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma masana suna kiransa Pisum sativum. Shuka ce mai son sanyi. Shi ya sa manyan masu noman busasshensa su ne Rasha da Kanada da Sin da Indiya, a Afirka kuma Habasha ce a gaba saboda tsaunukanta. A Arewacin Nijeriya ana noma shi kaɗan-kaɗan, a tudun Jos da kuma lambunan rani lokacin hunturu. Duk inda ake shuka shi, akwai matsala guda da ke biye da shi: wasu daga cikin miyagun cututtukansa a cikin irin suke tafiya. Manomi ya sayi iri mai kyawun gani, ya gyara gona, ya shuka, ashe da hannunsa ya binne cutar tare da ƙwayar.

Cututtukan da ke bin irin fis kashi uku ne. Akwai na funfuna, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne dangin Ascochyta, masu sa baƙin tabo a ganye da kwanso, su kuma ruɓar da gindin shuka. Akwai na bakteriya, babbarsu ita ce Pseudomonas syringae reshen pisi, wadda aka fara bayyanawa a jihar Kolorado ta Amurka a 1916. Tana sa ganye da kara su yi tabo mai danshi wanda daga baya yake komawa ruwan ƙasa, kuma ta fi ɓarna bayan ƙanƙara ko tsananin sanyi sun ji wa shuka rauni. Kashi na uku su ne na bairos, kuma a nan ne gwajin antibodi ya fi yin aiki. Biyu ne aka fi sa wa ido. Ɗaya shi ne wanda ake taƙaita sunansa da PEBV, mai ƙona shuka tun tana ƙarama, wanda aka bayyana a ƙasar Holan a 1962, kuma wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani ne ke yaɗa shi daga saiwa zuwa saiwa. Ɗayan, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, shi ne PSbMV, mai sa dabbare-dabbare a ganye.

An fara bayyana PSbMV a Chekoslobakiya a 1966, aka sake ganinsa a Japan a 1967, ba da jimawa ba kuma ya ɓulla a Amurka. Siriri ne dogo, tsawonsa kimanin nanomita 770, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Ba fis kaɗai yake kamawa ba. Yana shiga adas, yana shiga waken ful da ake ci a Sudan da Masar. Shukar da ta kamu takan tsumbure, gaɓoɓinta su gajarce, gefen ganyenta ya nannaɗe ya dubi ƙasa, kwansonta ya karkace, wasu ƙwayoyin kuma fatarsu ta tsage ko ta yi zobe-zobe ruwan ƙasa. Sai dai a nau'o'in fis da yawa alamun suna da rauni ƙwarai, har gona ta cika da cutar mai ita bai lura ba, sai ranar awo ya ga buhunan sun gaza.

Mai yaɗa shi a gona ita ce darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye. Yadda take yaɗa shi ne ya sa maganin feshi ba ya cika tasiri. Darɓa takan sauka a ganye, ta soka bakinta na 'yan daƙiƙoƙi don ɗanɗano, bairos ya maƙale a bakin, ta tashi ta sauka a shuka ta gaba ta sake soki, shi ke nan cuta ta wuce. Kafin guba ta kashe ta, ta riga ta gama aikin. Kuma idan bairos ya shiga jikin shuka, babu feshin da ke fitar da shi. Maganin da ake gauraya iri da shi kafin shuka yana taimakawa wajen funfuna da ƙwari, amma ba ya kai wa ga bairos ɗin da ke cikin tayin ƙwaya, wato ɗan tsiron nan da ke kwance a tsakiyarta.

Wani gwaji da aka yi a Yammacin Ostareliya a 2005 ya nuna girman abin. An shuka fuloti-fuloti da iri mai ɗauke da cutar a matakai daban-daban, aka bar darɓar daji ta yi aikinta. Inda ƙwaya 65 cikin 1,000 suke da cutar ranar shuka, kafin girbi kusan dukkan shukokin sun kamu, asarar amfani kuma ta kai har kashi 25 cikin 100. Daga wannan aikin ne aka tsayar da cewa a yankunan da darɓa ke da yawa, bai kamata a shuka irin da cutarsa ta wuce ƙwaya 5 cikin 1,000 ba. To, ta yaya za a gane ƙwaya 5 a cikin 1,000, alhali yawancin masu cutar ba su da wata alama a fatarsu? Tsince masu tsagewa da tankaɗe ƙanana suna rage wani abu, amma ba sa tsarkake buhu.

Tsohuwar hanya ita ce a shuka samfurin irin a ɗakin raino mai raga da darɓa ba ta shiga, a jira mako uku ko huɗu, a duba alamu. Wata hanyar kuma a matse ruwan ganyen da ake zargi, a goga shi a ganyen wata ciyawa mai suna Chenopodium, wadda take fitar da ɗigo-ɗigon tabo idan bairos ya taɓa ta. Hanyoyin biyu suna cin lokaci da wuri, kuma ta farko tana barin shukokin da suka kamu ba su nuna ba su wuce a matsayin lafiyayyu.

Antibodi wani furotin ne da jinin mutum da na dabba ke ƙerawa idan baƙon abu ya shiga jiki. Abin da ya ba shi daraja a ɗakin gwaji shi ne zaɓe: kowane antibodi siffa guda yake ganewa ya riƙe, ya bar sauran. Tsirrai ba sa ƙera shi, don haka ake aron jinin dabba. Masu bincike sukan tace bairos daga ganyen shukar da ta kamu har ya fita tsab, su yi wa zomo allurarsa sau da yawa cikin 'yan makonni. Bairos na tsiro ba ya sa wa zomo ciwo, amma jininsa yana ɗaukarsa baƙo, ya ƙera antibodi masu gane furotin ɗin da ya lulluɓe bairos ɗin. Sai a ɗebi jinin kaɗan, a ware ruwansa, a tace antibodin. Ɗan abin da aka samu daga zomo guda yakan isa gwaji dubbai, saboda ana sirka shi ƙwarai kafin amfani. Duk wanda aka taɓa soka wa yatsa a asibiti aka ɗiga jininsa a ɗan katin gwajin zazzaɓin cizon sauro ya ga wannan hikimar da idonsa: antibodi ne a cikin katin yake kama furotin na ƙwayar maleriya, layi ya fito.

Hanyar da aka fi amfani da ita wajen iri ana kiranta ELISA. Eva Engvall da Peter Perlmann ne suka fito da ita a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1971, domin aikin likitanci. A 1977 Clark da Adams, a tashar binciken East Malling da ke Ingila, suka daidaita ta don bairos na tsirrai, kuma tsarin da suka shimfiɗa shi ne har yau yawancin ɗakunan gwaji ke bi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1978, Hamilton da Nichols a Kanada suka buga aikinsu na gano PSbMV a ganye da irin fis ta hanyoyin antibodi.

Ana yin aikin a kan wani farantin roba mai ƙananan ramuka 96. Da farko a zuba antibodi a ramukan, a bar shi 'yan sa'o'i a wuri mai ɗumi, ya manne a bangon robar. A wanke da ruwan gishiri mai ɗan sabulu, sau uku ko fiye. Sannan a kawo garin irin da aka niƙa, wanda aka dama da ruwan sinadari aka bari ya kwanta, a ɗebi ruwan saman a zuba, kowane samfuri a rami biyu don ɗaya ya zama shaidar ɗaya. Farantin ya kwana a firji a digiri 4. Idan akwai bairos a cikin ruwan, antibodin da ke bango zai riƙe shi. Da safe a sake wankewa, duk sitaci da furotin na waken su fita, abin da aka riƙe kaɗai ya saura. Daga nan a zuba antibodi na biyu, wanda aka ɗaura masa wani enzayim mai suna alkalin fosfatas. Shi ma bairos ɗin zai nema ya kama ta ɗaya gefen, ya zamana bairos yana tsakanin antibodi biyu. A sake wankewa. A ƙarshe a zuba wani ruwa marar launi wanda enzayim ɗin ke farfasawa ya koma rawaya. Ramin da babu bairos, antibodi na biyu bai sami abin kamawa ba, wanki ya tafi da shi, ruwan ya zauna fari. Ramin da akwai bairos kuwa, cikin sa'a ɗaya ko biyu zai yi rawaya, kuma gwargwadon yawan bairos gwargwadon kaurin launin. Ƙarfin gwajin yana cikin enzayim ɗin ne, domin guda ɗaya yana juya dubban ƙwayoyin sinadari, ɗan bairos kaɗan ya haifar da launin da za a iya aunawa. Na'ura ce ke auna launin da haske mai tsawon zango na nanomita 405, ta ba kowane rami lamba. Duk aikin kwana biyu ne.

Lambar da na'ura ta bayar ba ta da ma'ana ita kaɗai. Dole kowane faranti ya ƙunshi ramuka na irin da aka tabbatar lafiyayye ne, da na wanda aka tabbatar yana da cutar, da na ruwan sinadari zalla. Al'adar da aka fi bi ita ce a ɗauki samfuri a matsayin mai cuta idan lambarsa ta ninka ta lafiyayye sau biyu. Idan ramin mai cutar da aka sani bai yi rawaya ba, to farantin gaba ɗaya ya lalace, sai a sake, ko da sauran ramukan sun fito fari tas. Abubuwan da ke ɓata gwajin kuwa yawanci ƙanana ne: wankin da aka yi da gaggawa, injin niƙa da ba a goge shi sosai tsakanin samfuri da samfuri ba, ko antibodin da ya sha zafi saboda wutar firji ta ɗauke. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ƙasashe masu zafi, kuma ɗakin gwajin da ba shi da tsayayyar wuta bai kamata a dogara da sakamakonsa ba sai an ga shaidar ramukan tabbatarwa.

Babu mai iya niƙa kowace ƙwaya a buhu, don haka komai ya rataya a kan samfuri. Ana soka bututun ƙarfe mai tsini a buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa, a gauraya, sannan a ware abin gwaji. Ƙungiyar gwajin iri ta duniya, ISTA, wadda aka kafa a 1924 kuma hedikwatarta ke Suwizalan, tana da tsayayyen tsari na gano PSbMV da PEBV a irin fis ta hanyar ELISA: ƙwaya 2,000, a raba su kashi 20, kowane kashi ƙwaya 100, a niƙa kowane kashi daban. Ana iya haɗa 100 a wuri ɗaya ne saboda gwajin yana da kaifin da zai ji ƙwaya guda mai cuta a cikin lafiyayyu 99.

A nan akwai lissafin da ya kamata duk mai karanta takardar sakamako ya sani. Idan a tulin iri ƙwaya 1 cikin 1,000 ce mai cuta, samfurin ƙwaya 2,000 zai kama ta kusan sau 86 cikin gwaji 100, ya kuskure ta sau 14. Kafin a kai tabbacin 95 cikin 100 sai an gwada ƙwaya 3,000. Wanda ya gwada ƙwaya 300 bai ga komai ba, iyakar abin da zai iya faɗa da wannan tabbacin shi ne cutar ba ta kai 1 cikin 100 ba. Ke nan kalmar "ba a samu ba" a takarda ba ta nufin babu. Tana nufin ba a samu ba a cikin adadin da aka duba, kuma takardar da ba ta faɗi adadin ba ta ɓoye rabin bayani. Ƙwaya 1 cikin 1,000 tana da ƙanƙanta a kunne, amma a hekta mai shuka 500,000 hakan na nufin shuka 500 masu cuta a warwatse ko'ina, suna jiran darɓa tun makon farko.

Haɗa ƙwayoyi kashi-kashi yana da nasa lissafin. Kashin da ya yi rawaya yana iya ƙunsar ƙwaya ɗaya mai cuta, yana iya ƙunsar biyar, gwajin ba zai bambance ba. Gibbs da Gower sun fitar da dabarar gyara wannan tun 1960. Idan kashi 4 cikin 20 suka yi rawaya, kiyasin shi ne ƙwaya 2 da ɗan ɗoriya cikin 1,000, kusan daidai da abin da ƙirgen kai tsaye zai bayar. Idan kuwa 15 suka yi rawaya, ƙirgen kai tsaye zai ce 7 da rabi cikin 1,000, alhali kiyasin da ya dace ya kusa 14. In duka 20 suka yi rawaya, lissafi ya tsaya, sai a sake gwajin da ƙananan kashi, kamar ƙwaya goma-goma.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren, wato gwaji ya ɗora wa iri laifin da ya fi nasa. Dalilin yana cikin yadda bairos ke shiga ƙwaya. Wang da Maule, a cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila, sun bi diddigin wannan a farkon shekarun 1990. Sun nuna cewa ta jikin uwar shuka PSbMV ke shigowa, ya bazu a fatar ƙwayar da ke girma, amma ba ya kai wa ga tayin sai ta wani ɗan siririn reshe da ke haɗa tayin da jikin uwa a kwanakin farko. Wannan reshen yana bushewa da wuri. Bairos ɗin da ya iso kafin ya bushe ya shiga tayi, kuma zai fito tare da sabon tsiro. Wanda ya makara ya tsaya a fata, can zai mutu yayin da ƙwayar ke bushewa. Shi ya sa kwanso guda yake ɗaukar ƙwayoyi masu cuta da lafiyayyu gefe da gefe, shi ya sa kuma shukar da ta kamu kafin fure ta fi ba da gurɓataccen iri a kan wadda ta kamu bayan ta zuba 'ya'ya.

Matsalar ita ce antibodi siffar furotin yake gani, bai san rayayye da matacce ba. Ragowar bairos da ke fata tana iya sa rami ya yi rawaya ko da tayin lafiya lau yake. Maury da abokan aikinsa a Faransa sun yi nazarin wannan a 1987, suka duba yadda cire fata da girman kashi ke canza sakamako. Mafita biyu ce: ko a jiƙa ƙwayoyin a ɓare fatar a gwada abin da ke ciki, ko a tsirar da su a gwada ganyen farko. Wanne za a zaɓa ya danganta da tambayar da ake son amsawa. Jami'in da ke tsaron iyaka, wanda ƙasarsa ba ta yarda da ko ɗigon cutar ba, gwajin ƙwaya da fatarta ya wadatar masa, domin ko a fata aka sami alama, an san gonar da irin ya fito tana da cutar. Manomin da ke son sanin shuka nawa za su fito da cuta a gonarsa kuwa, gwajin tsiro ne zai ba shi amsar gaskiya. Rashin bambance waɗannan tambayoyi biyu yana iya sa a yi watsi da iri mai kyau ba gaira ba dalili.

Antibodin ma iri biyu ne. Wanda aka ɗebo daga jinin zomo gauraye ne na antibodi da yawa, kowanne yana gane wani sashe na bairos. Wannan yana da amfani domin PSbMV yana da rassa, kamar waɗanda ake kira P1 da P4 da kuma wanda aka fi samu a adas, gaurayen kuma yakan kama su duka. Aibinsa shi ne wani lokaci yana kama furotin na waken kansa idan ba a tace bairos ɗin allurar da kyau ba, kuma na zomo ɗaya ba ya zama daidai da na wani. A 1975 Köhler da Milstein, a Kambirij, suka gano yadda za a haɗa ƙwayar halitta mai ƙera antibodi daga saifar ɓera da wata mai hayayyafa ba iyaka, a sami antibodi guda tak wanda ba ya canzawa. Aikin ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1984. Irin wannan antibodin ya fi tsabta, amma tsananin zaɓensa yana iya sa ya wuce wani reshen bairos bai gan shi ba, don haka ɗakunan gwaji sukan gauraya biyu ko uku.

Wajen bakteriya, antibodi mataimaki ne. Ana jiƙa irin a ruwan gishiri mai sanyi ya kwana, a shafa ruwan a kan abincin raino na musamman, a jira bakteriyar ta tsiro. Sannan a ɗauki wadda ake zargi a haɗa ta da antibodi a kan gilashi, in ita ce sai ta dunƙule, ko a yi amfani da antibodi mai rini da ke walƙiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da yake tana da 'yan uwa na kusa masu kama da ita, hukuncin ƙarshe shi ne a soka ta a jikin ƙaramin tsiron fis a ga ko za ta haifar da cutar. Funfunar Ascochyta kuwa har yanzu an fi gano ta ta hanyar jera ƙwayoyin a kan abincin raino na kimanin mako guda a ƙirga waɗanda suka fitar da ita, saboda antibodin funfuna yakan rikita dangi da dangi.

ELISA tana bukatar na'ura da firji da ƙwararren ma'aikaci, shi ya sa aka nemi hanyoyi masu sauƙi. Cibiyar ICARDA, wadda aka kafa a 1977 ta kuma daɗe tana aiki a kusa da Halab ta Siriya, ta yi amfani sosai da gwajin danna kara a kan takarda. Ana yanke karan tsiro da reza, a danna bakin yankan a kan wata takarda ta musamman mai riƙe furotin, a jera ɗaruruwan tambura a kan 'yar takarda guda. Daga baya a bi ta da antibodi da sinadari, tamburan masu bairos su koma shunayya. Ba a bukatar niƙa, kuma takardar tana iya tafiya ta gidan waya daga ƙauye zuwa ɗakin gwaji ba tare da sanyi ba. Makkouk da Kumari sun yi shekaru suna bin gonakin ful da adas da fis a Yammacin Asiya da Arewacin Afirka da wannan hanyar. A ɗaya gefen akwai gwajin PCR, mai neman ƙwayoyin gadon bairos maimakon furotinsa. Ya fi ELISA kaifi nesa ba kusa ba, amma ya fi tsada, ƙura kaɗan tana gurɓata shi, kuma shi ma yana iya jin ragowar da ke fata. A wurare da yawa ana tace samfura masu yawa da ELISA, a tabbatar da masu shakka da PCR.

Rumbunan adana iri na ƙasashe su ma sun sha darasi. A ƙarshen shekarun 1970 an gano cewa kaso mai yawa na nau'o'in fis da ke rumbun gwamnatin Amurka suna ɗauke da PSbMV, kuma daga irin waɗannan rumbunan ne masu kyautata iri a duniya ke karɓar kayan aikinsu. Musayar iri tsakanin masana, wadda aka yi da kyakkyawar niyya, ta taimaka wajen kai cutar ƙasashen da ba su san ta ba. An ɗauki shekaru ana shuka nau'o'in a ɗakunan raga, ana gwada kowace shuka da ELISA, ana karɓar iri daga masu tsabta kaɗai.

Wannan aikin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye ta wajen wake, domin Nijeriya da Nijar su ne manyan masu nomansa a duniya. Wake yana da nasa bairos masu bin iri, kuma ɗaya daga cikin mafi ɓarna, CABMV, dangin PSbMV ne, darɓa ce kuma ke yaɗa shi ta hanya iri ɗaya. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967 kuma take da tasha a Kano, tana adana nau'o'in wake fiye da 15,000, tana kuma gwada lafiyar irin kafin ta aika shi wata ƙasa, da antibodi da PCR. Sai dai ba kowace cutar bairos ce ke bin iri ba. Kuturtar gyaɗa, wadda ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya a 1975, darɓa ce kaɗai ke yaɗa ta, ba ta shiga ƙwaya, don haka gwajin iri ba shi da abin da zai ce a kanta.

Tulin fis da gwaji ya nuna cutarsa ta wuce iyaka ba asara ba ne gaba ɗaya. Bairos na tsiro ba ya cutar da mutum ko dabba, don haka ana iya karkatar da shi zuwa kasuwar abinci, a hana shi shiga gona kawai. Masu kyautata iri kuma sun sami nau'o'in fis masu jure PSbMV, ta dalilin wata ƙwayar gado da ake kira sbm1, wadda aka gano a 2004 cewa tana canza wani furotin na shuka da bairos ke bukata kafin ya hayayyafa. Inda babu irin waɗannan nau'o'in, gonar da za a ɗebi iri daga cikinta ana nisanta ta da sauran gonakin fis da ful da adas, ana kuma tuge duk shukar da ta nuna alama tun kafin fure. Takardar sakamako ta tulin da aka ɗebi samfuri daga gare shi ce kaɗai. Idan aka shuka shi aka girbe, sabon irin yana bukatar nasa gwajin, domin darɓa daga gonar maƙwabci tana iya shigo da bairos a cikin kakar, kuma a irin da ake ajiyewa ana maimaitawa shekara bayan shekara cutar kan taru har ta wuce iyakar ƙwaya 5 cikin 1,000.